Kalmar shaft da ta sa na tayar wa Umma hankali

Ƙannena masu koyon Turanci ku zo ku ji, don wallahi ba na so abin da ya same ni ya same ku. Ni a gareji na fara sanin kalmar shaft, mu kanikawa shaf muke cewa, ƙarfen nan mai juyawa da ke kai ƙarfin inji zuwa taya, ga karanshaf ga kamshaf, shi ke nan na riƙe a raina cewa shaf ƙarfe ne ba wani abu ba.

Sai ranar da ƙanina ya faɗi a kan babur, na karɓi takardar hoton ƙafarsa a asibiti na hango shaft of femur a rubuce, ban tambayi kowa ba saboda ina ganin ai sana'ata ce, kawai na kira gida na ce ƙarfen babur ya shige masa ƙafa. Umma kwana ta yi tana kuka. Da safe likita ya zaunar da ni ya ce ba wani ƙarfe, ƙashin cinya ne ya karye a tsakiya, dogon gangar ƙashin tsakanin kan sama da na ƙasa shi ne shaft a wajensu. Har yau in na tuna daren nan raina ɓaci yake, tambaya ɗaya da na yi da ba a kai ga haka ba.

Daga baya na gane asalin kalmar sandar mashi ne da kyauron kibiya, abu dogo siriri miƙaƙƙe, kuma in ka riƙe wannan siffar sauran duk za su zo maka da sauƙi. Silin gashi shaft ne, hasken rana da ke ratsowa ta ƙofar taga shi ma haka. Har rami fa, in dai dogo ne miƙaƙƙe, ramin da lifta ke hawa da sauka a ciki, ko na masu haƙar zinariya irin na Mponeng a Afirka ta Kudu da zurfinsa ya kai wajen kilomita 4.

Don Allah in ka ci karo da kalma a wurin da ba ka saba ganinta ba, karanta jimlar gaba ɗaya, duba wa ya rubuta, likita ne ko injiniya, in takardar asibiti ce kuma tambayi mai ita kafin ka buga waya gida. Kuma in Ba'amurke ya ce maka he got shafted kar ka fara neman ƙarfe ko rami, cewa yake an cuce shi.