Ranar da Manhajoji Biyu Suka Yi Jayayya a Kan Makirufo Ɗaya

Yau Asabar na ware don ɗaukar muryar wani dattijon majemi, wanda ya yarda ya zo gidanmu a Mabera ya ba ni labarin yadda ake jimar fatar jan akuyar Sakkwato tun zamanin ƙuruciyarsa. Ya iso da hantsi, kafin zafin rana ya yi tsanani, domin na riga na gaya masa cewa dole a kashe fanka idan an fara ɗauka, in ba haka ba ƙugin iskarta zai shiga cikin muryar.

Na jona makirufo, na buɗe Audacity, manhajar ɗaukar sauti a kwamfuta, na danna jan maɓallin ɗauka, sai ga saƙo cewa manhajar ta kasa buɗe na'urar. Makirufon lafiyarsa ƙalau, domin jiya da dare na gwada shi, kuma fitilarsa na ci. Mutane da yawa a nan suke garzayawa kasuwa su sayo sabo, alhali sau tari kayan ba su da laifin komai. Da na duba ƙasan allo sai na tarar ƙanena ya bar FL Studio a buɗe, manhajar da yake haɗa kiɗa da ita, kuma ya ɗora ta a kan direban ASIO4ALL, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa ta da na'urar sauti. Shi wannan direba an yi shi ne don rage jinkirin sauti, kuma yana cimma hakan ta hanyar kewaye mahaɗar sautin Windows ya riƙe na'urar shi kaɗai, kamar wanda ya shiga ɗaki ya saka sakata. Muddin yana riƙe da ita, duk manhajar da ta zo daga baya sai dai ta koma. Na rufe FL Studio gaba ɗaya, na umarci Audacity ta sake laluben na'urorin da ke jone, sannan na shiga saitin makirufon na cire alamar da ke ba manhajoji izinin mallake shi su kaɗai.

Baba majemi yana zaune a kan tabarma yana jan carbi, sai ya ce, "Ɗana, ko injin naka ba ya son muryar tsofaffi ne?" Na ce, "Allah ya ja da ranka, Baba, saura kaɗan."

Kaɗan ɗin ya ɗan ja, domin wani saƙon ya sake fitowa, wannan karon da lamba -9997, wadda ke nufin an sami saɓani a kan yawan gutsuren sautin da ake ɗauka a daƙiƙa guda. Windows ta ajiye makirufon a kan 48,000, adadin da aka saba amfani da shi a aikin bidiyo, ita kuwa Audacity tana neman 44,100, wanda shi ne na faifan CD. Da ina amfani da MME, tsohuwar hanyar da manhaja ke bi ta karɓi sauti, da Windows ta daidaita su a ɓoye, amma na zaɓi sabuwar hanyar WASAPI, wadda ta zo tun Windows Vista, kuma ita ba ta cika yafe irin wannan bambanci ba. Ni dai na fi son ta haka, domin gara a tsayar da ni tun farko da in gano ɓarna bayan baƙona ya tafi. Sautin da aka ɗauka a kan 48,000 idan aka kunna shi a matsayin 44,100 yakan yi nauyi, ya rage gudu da kusan kashi 8 cikin 100, kuma muryar dattijo irin ta Baba ba za ta jure wannan ba. Na mayar da ɓangarorin biyu 48,000, tunda ina da niyyar haɗa hirar da hotunan majema daga baya.

Daga nan aiki ya tafi sumul. Baba ya yi bayani a kan toka da bagaruwa da yadda ake gane fatar da ta jimu da taɓawa kawai, har aka kira sallar Azahar. Da yamma na nuna wa ƙanena zaɓin da ke cikin manhajarsa wanda ke sa ta saki na'urar da zarar an koma wata taga, ya kunna shi a gabana.