Kwamfutar wod tana cinye mana lokacin majinyata

Ni dai ba na cikin masu cewa a koma zamanin fayil ɗin takarda, Allah ya kiyaye, duk nas ɗin da ta taɓa fama da rubutun likita ƙarfe uku na dare ta san me nake nufi. Nan Jidda yanzu ki sa lambar igama (katin izinin zama a Saudiyya) kawai a kwamfuta bayanan mutum su fito, magani kuma sai na haska abin hannun majinyaci da na'ura na haska maganin, in ba nashi ba ne ta tsayar da ni. Wannan kam alheri ne.

Amma wallahi wanda ya tsara shafukan nan bai taɓa yin dawam, wato aikin awa 12, a wod (ɗakin kwantar da majinyata) ba. Awon jini, zafin jiki, bugun zuciya, abin da ya kamata ya zauna wuri ɗaya sai kin buɗe nan kin rufe can, kina cikin haka a kira ki gado na gaba, kafin ki cire safar hannu ki wanke hannu ki dawo kwamfutar ta fitar da ke, sai fasuwod kuma, wani lokacin abin da kika rubuta ma ya tafi. Ga gargaɗi da ke ta faɗowa kan allo, mai muhimmanci da marar amfani duk kala ɗaya, har hannu ya saba da danna "ok" kafin ido ya karanta. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, don wata rana na gaske ne zai wuce a haka.

Lokacin Umara da Hajji abin ya fi ciwo. Alhazanmu ba su da igama, sai fasfo, sunan Muhammad kaɗai ana rubuta shi kala-kala, mutum ɗaya ya tashi da fayil biyu, ga kwanan wata na Hijira ga na Miladiyya. Wata Hajiya daga Katsina ina ta danne-danne na ba ta baya, ta ce "'yata, juyo mana in ga fuskarki, tun safe ke kaɗai na samu mai jin Hausa." Jikina ya yi sanyi sosai.

Tun da aka fara Vision 2030, shirin gwamnatin Saudiyya na sabunta ƙasar, kuɗi ake zubawa a harkar nan, kuma ana ganin aikin, Sehhaty (manhajar neman ganin likita) da Wasfaty (tsarin rubuta magani ta intanet) sun sauƙaƙa wa mutane. To kafin a sake mana wani sabon tsari don Allah a zaunar da masu tsarawar a wod dare ɗaya cur, su ƙirga sau nawa nas take danna allo kafin ta ba da paracetamol ƙwaya biyu.