Huhun rago da bututun ogan: yadda na zana wa 'yan sakandare hanyar iska

Kwali biyu manya aka bani in zana, za'a rataye su a ɗakin gwaje-gwaje na wata sakandare. Malamin bayoloji da na fiziks ne suka haɗa kai, so suke ɗalibai su ga yadda iska take zama sauti, ɗaya a ƙirjin mutum ɗaya kuma a jikin abin kiɗa. Kwali na farko huhu ne da maƙogwaro da zuciya a tsakani, na biyu kuma wannan ƙaton abin kiɗan na coci mai bututu jere-jere har kusa da rufi, wanda ake cewa ogan. Ni sana'ata zane ce, allon shago, fasta, bangon littafi, duk nayi, amma ban taɓa samun aikin da ya zaunar dani karatu kafin in ɗau fensir irin wannan ba, shi yasa nake so in ajiye abinda na koya saboda 'yan uwana masu zane.

Hanya mafi sauƙi kowa ya santa, ka shiga intanet ka sauke hoto ka kwafa. Toh amma in ka jera hotunan huhun nan guda goma zaka gane yawancinsu kwafin kwafi ne, jaka biyu ruwan hoda masu santsi, dama da hagu iri ɗaya sak, zuciya kuma an cilla ta can gefen hagu. Raina bai kwanta ba, yaran da zasu kalli abin nan kullum wasunsu likitoci zasu zama, wasu nas, bai kamata hoton farko da zai zauna musu a kai ya zama na ƙarya ba.

Sai na tafi kwata da sassafe. Wani dattijon mahauci na samu nace Baba don Allah huhu da zuciya da maƙogwaro nake so a haɗe, kar a raba su. Yace ɗana me zakai dasu a haɗe, nace zanawa zanyi wa 'yan makaranta, sai ya ajiye wuƙar ya zaɓo min na rago mai lafiya wanda ba tabo, har yana nuna min da yatsa inda kitse yake kwanciya a saman zuciya da inda manyan jijiyoyi suke fitowa. Gaskiya mahauta sun san cikin dabba fiye da yadda muke zato, kullum hannunsu na ciki.

A gida na sa safar hannu na haɗa bakin maƙogwaron da tiyo da famfon keke. Kar wanda yasa bakinsa ya hura don Allah, ɗanyen nama ne, ana ɗaukar cuta. Ina fara bugawa abin da yake a yamushe ja-ja-jir ya fara tashi sashe-sashe, launinsa ya koma fari-fari mai ruwan hoda, gefunansa suka miƙe suka yi kaifi, ina cire tiyon kuma ya sace da kansa ba wanda ya matsa shi. Wallahi na daɗe a tsaye ina kallon ikon Allah. Nan na gane abu biyu da ba hoton da ya taɓa gaya min, na ɗaya huhu ba jaka bace mai rami a ciki, nama ne mai ƙananan kofofi birjik, in ka yanki ɗan guntu ka jefa a ruwa yawo zaiyi a sama. Na biyu fitar numfashi in mutum yana zaune lafiya ba aiki bane, huhun ne yake komawa yadda yake saboda yana da talewa da dawowa. Shi maƙogwaro kuma zoben guringuntsinsa basu rufe ba, ta baya a buɗe suke, nan ne hanyar abinci take kwance a jikinsa. Da yawa masu zane suna rufe zoben ruf, kuskure ne.

Zuciyar na tsaga ta gida biyu. Cikinta ɗaki-ɗaki ne sama da ƙasa, bangon ɗakin ƙasa na hagu yafi na dama kauri nesa ba kusa ba, a mutum wajen ninki uku ne, saboda shi yake tura jini duk jiki, na dama iyakarsa huhu. Na duba bangon da ya raba su da kyau, ba ƙofa ko ɗaya. Fiye da shekara 1000 likitoci suna karantar da cewa akwai wasu ƙananan kofofi a wannan bangon da jini yake bi, sai Ibn Nafis, likitan da yayi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, yace babu, jinin ta huhu yake zagayawa ya dawo. In ka riƙe abin a hannunka sai kaji girman maganar tasa.

Amma ga inda nake so masu zane su buɗe kunne. Rago ba mutum bane. Da na ƙirga sassan huhun dake gabana na dama kashi 4 ne, na mutum kuwa dama 3 hagu 2, kuma na hagun yana da ɗan lotsawa inda zuciya take zama. A rago akwai wani reshe da yake ɓallewa daga maƙogwaro ta dama tun kafin ya rabu biyu, tsarin mutum ba haka yake ba. Babbar jijiyar da take fita daga zuciya ta lanƙwasa, a mutum rassa 3 ne suke tashi daga kanta, a rago guda ɗaya ce take tashi sannan ta rarrabu. Wannan ramin manya sun faɗa cikinsa. Galen, babban likitan Rum na ƙarni na 2, birai da aladu da shanu yake fedewa, sai ya ɗora wa mutum hanta mai sassa 5 da wata ragar jijiyoyi a ƙasan ƙwaƙwalwa wadda ta tumaki da shanu ce, aka yi ta kwafa ana zanawa har sai da Andreas Vesalius, malami a Padua, ya fede gawar mutum da hannunsa ya fitar da littafinsa mai zane-zane a Basel a 1543 yana ɗan shekara 28. Shi kansa Leonardo da Vinci da duk kaifin idonsa, zanensa na jariri a cikin mahaifa ya saka wa mahaifar irin mabiyiyar saniya, kuma mafi yawan zanen zuciyar da yayi wajen 1513 zuciyar bijimi ce ya duba. Saboda haka na raba aikin, daga rago na ɗauki launi da laushi da yadda haske yake sauka akan ɗanyen nama, tsari da ƙirga kuwa daga littattafan likitanci na mutum, malamin bayoloji kuma ya duba min zanen fensir kafin in sa tawada.

Dabaru biyu na aro daga magabata. Mansur ibn Ilyas na Shiraz a ƙasar Farisa, a ƙarshen ƙarni na 14, kowane tsari shafinsa daban ya bashi, ƙashi daban, tsoka daban, jijiyoyin jini daban. Shi yasa na cire haƙarƙari daga babban zanen na maida shi ƙaramin hoto a gefe, don da na haɗa komai huhun ɓacewa yake. Sai Henry Vandyke Carter wanda ya zana hotunan littafin sassan jikin mutum na Henry Gray na 1858, shi akan gaɓar yake rubuta sunanta maimakon ya ja dogon layi zuwa gefe, ido baya wahala. Duk inda wuri ya isa haka nayi.

Ogan kuma wata duniya ce. Asalinsa daga Iskandariyya ta Masar ne, wani injiniya Ktesibios ya ƙirƙiro shi a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, da ruwa yake daidaita ƙarfin iskar. Na bi tsofaffin hotuna ina kallon yadda masu zane suka nuna shi. Akwai wani littafin zabura na ƙarni na 9 dake Utrecht, mutum biyu suna kiɗa mutum huɗu suna ta faman zuga, wannan hoton nafi so duk da ba kyau ne dashi ba, saboda ya nuna inda iskar take fitowa. Jan van Eyck a allon cocin Ghent na 1432 ya zana ƙaramin ogan da katakonsa da madannansa ɗaya bayan ɗaya abin sha'awa, Raphael kuma a hotonsa dake Bologna ya sa wata mata riƙe da na hannu ya karkace bututun suna zamewa zasu faɗi. Duk sun iya, amma fuskar abin suka nuna, ɗalibi kuma ciki yake buƙata. Wanda ya cece ni wani ɗan Faransa ne Dom Bedos, tsakanin 1766 da 1778 ya fitar da littafin ƙera ogan mai zane-zanen da aka tsaga komai ana ganin ciki. A nan na bi hanyar iskar tiryan-tiryan, daga zugazugi zuwa ma'ajiya mai nauyi a kai don kar ƙarfin ya riƙa hawa da sauka, daga nan zuwa akwatin da bututun suke tsaye a kansa, in an danna madanni wani ɗan murfi ya buɗe iska ta shiga. Bututun da ake gani a gaba kaɗan ne, tarin suna ɓoye a baya, na Wanamaker dake Filadelfiya a Amurka yana da sama da 28,000.

Bakin bututun ne ya ƙi zanuwa, ina kallon hoto amma hannuna bai yarda ba, sai na sayi bututun roba na famfo na yanka masa baki na cusa guntun katako na bar siririyar hanya. Nasha fama kafin yayi kuka, in hanyar tayi faɗi sai huci kawai, in leɓen sama bai yi daidai da inda iskar take fitowa ba shiru. Ranar da ya bada sauti na toshe samansa da tafin hannu sai muryar ta faɗi tayi kauri, na rage tsayinsa tayi sama. Abinda malamin fiziks yake faɗa kenan, buɗaɗɗen bututu mai ƙafa 8 yana kaɗawa wajen sau 65 a daƙiƙa, in ka raba tsayin biyu kaɗawar ta ninka. Bayan nan zanen bakin bai ɗau min lokaci ba, nasan wane layi ne yake aiki wane ne ado.

Mun ɗan ja da malamin fiziks akan kibiyoyi. Shi so yake a ja kibiya daga huhu zuwa zugazugi, daga maƙogwaro zuwa bututu, a gama. Nace Malam ta farko na yarda amma da sharaɗi, huhu baya zuƙar iska da kansa, tantanin naman da ya raba ƙirji da ciki ne yake sauka ƙirji ya buɗe iska ta shigo, dole in zana shi da kauri a ganshi. Ta biyun kuwa ban yarda ba, dogon maƙogwaro hanyar kai iska ce kawai, sautin a samansa yake tashi inda wasu 'yan tantani biyu suke kaɗawa, sai baki da harshe da hanci su gyara shi. Bututun ogan iri biyu ne, mai baki wanda iska take tsagewa a leɓensa irin na sarewa, da mai ɗan harshen ƙarfe dake kaɗawa kamar yadda bakin algaita yake kaɗawa, muryarmu tafi kusa da na biyun, kuma masu ƙera ogan sun sani don jerin da suke yi na kwaikwayon muryar mutum mai harshe ne. Sannan kowane bututu sauti ɗaya tak ya iya, mutum kuwa da maƙoshi ɗaya yake hawa yake sauka. Malam yayi shiru yace toh a rubuta bambancin a ƙasa, naji daɗin hakan sosai, don kwatance in ba'a nuna inda ya tsaya ba yaro ɗauka zaiyi duk ɗaya ne.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma suna da muhimmanci. Dama da hagu a zanen jiki na wanda aka zana ne ba na mai kallo ba, sai na rubuta su manya a sama. Ja da shuɗi alama ce ta jini mai iskar oksijin da wanda ya sauke ta, jini bashi da shuɗi, ja ne mai haske da ja mai duhu, na rubuta wannan a fili saboda yara da yawa sun ɗauka da gaske ne, kuma jijiyar da take kai jini huhu daga zuciya shuɗi ake mata, masu dawowa da shi ja. Na jingina kwalin a bango na koma nesa daidai bencin ƙarshe na aji, duk inuwar da na ɓata lokaci a kanta bata ganuwa, layi mai kauri da launi kaɗan su suke kaiwa can, sai na ƙara kaurin layin waje na rage ado. Tawadar alƙalamin maka tana koɗewa in rana tana dukanta, da tawadar zane da kalar ruwa nayi, na kai aka rufe min da leda, nace musu su rataye a bangon da baya kallon taga.