Wane nama ne ake kira sirloin?

Makon da ya wuce ƙanwata, wadda take koyon girki ta bidiyon intanet, ta aiko mini da saƙo tana cewa: "Yaya, mene ne sirloin da Hausa? Ina so in aiki yaro kasuwa." Na daɗe ina koyar da Ingilishi a nan Damagaram, kuma kalmar ba baƙuwata ba ce, amma sai na ga ba zan iya ba ta amsa ba sai na san ƙasar da mai girkin ya fito.

Asalin kalmar daga tsohon Faransanci ne. Duk wanda ya yi lakwal a Nijar ya san cewa sur yana nufin bisa, longe kuma naman gadon baya ne, saboda haka surlonge shi ne naman da ke saman wannan wuri. Ta shiga Ingilishi tun ƙarni na 15, kuma a wancan lokacin da harafin u ake rubuta ta a maimakon i na farko. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin tun da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066 sunayen nama da yawa suka zama na Faransanci a bakin Ingilawa: beef (naman sa) daga boeuf ta fito, mutton (naman tunkiya) kuma daga mouton.

Akwai wani labari da ake yawan ba ɗalibai, wai Sarkin Ingila James na ɗaya ya ci wannan nama a yankin Lankasha a shekarar 1617, daɗi ya kama shi, ya zare takobi ya naɗa wa naman sarautar Sir, wai daga nan sunan sirloin ya samo asali. Wasu kuma suna jingina abin ga Henry na takwas ko Charles na biyu. Labarin yana da daɗin ji, sai dai kalmar ta girmi sarakunan uku gaba ɗaya, kuma ba na jin daɗi idan na ji malami yana koyar da shi a matsayin tarihi.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai sayen nama shi ne Ingila da Amurka ba wuri ɗaya suke nufi da kalmar ba. A Ingila, sirloin shi ne naman gadon baya da ke tsakanin ƙarshen haƙarƙari da ƙugu, wanda a Faransanci ake kira faux-filet ko contre-filet. Amurkawa suna kiran wannan wuri short loin, su kuma ajiye sunan sirloin ga naman da ke bayansa, wajen ƙugu kafin a kai cinya, wato kusan abin da Ingilawa suke kira rump, Faransawa kuma rumsteck. Har ita kanta surlonge ta sauya gida, domin a Faransa ta yau naman gaba ne kusa da kafaɗa, wanda ake daɗewa ana dafawa. Wanda ya buɗe ƙamus ya ɗauki kalma ta farko da ya gani zai iya komawa gida da naman miya alhali na gashi ya fita nema.

Mai girkin da ƙanwata take kallo a bidiyo Ba'amurke ne. Da na je kasuwar Dole wajen dattijon da nake sayen nama a hannunsa, ban ambaci wata kalmar waje ba, sai na ce: "Baba, tsokar ƙugu nake so, marar jijiya, ta gashi." Ya ce: "To Malam, ka ce mai laushi kake nema," ya sa wuƙa daidai wurin. Ya kuma gaya mini abin da littattafan girki suke faɗa da dogon bayani, cewa naman baya ya fi na ƙafa laushi saboda ba shi ne yake ɗaukar wahalar tafiya ba. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin rundawanmu sun san jikin saniya gaɓa-gaɓa, kuma suna da sunan da zanen sassan nama na mahautan Ingila ba shi da shi, wato tozo, tunda shanun can ba su da shi.

Na ƙara wa ƙanwata gargaɗi ɗaya. Shanunmu masu kiwo ne da doguwar tafiya, kitsensu kaɗan ne, kuma yawanci ranar da aka yanka ake sayarwa, alhali a can ana rataye nama a ɗakin sanyi kwanaki da yawa kafin ya kai ga mai saye. Don haka ko da an samo wurin daidai, ƴan mintocin da bidiyon ya ce a gasa ba lallai su ba da laushi iri ɗaya ba. Na ce ta yanka shi da faɗi kuma siriri, a gicciye da zaren tsokar, ta bar shi ya sha kayan yaji kafin ta ɗora a wuta.