Tukunyar Kunu a Ranar Awo

A shekarata ta uku ina aiki a wani ƙaramin asibiti kusa da Daɗin Kowa, na gaji da ganin fuskoki iri ɗaya. Yaro ya zo, a ɗaura masa ma'aunin damtse ya nuna ja, ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa mai tsanani. Mu ɗora shi a kan madarar gyaɗar nan ta leda, ya murmure, mu sallame shi. Damina na yin tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, sai ga uwarsa ta sake goyo shi. Abin haushi, ta tagar ɗakin awo kana hango gonaki, ga zogale a kowane shinge.

Sai muka fara haɗa garin Tom Brown da matan da ke kawo yara awo: gwangwani 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. Karon farko mun kwafsa. Garin gaggawa waken bai soyu ba, kunun ya fito da gafi, yara suka riƙa tofarwa. Wata tsohuwar ungozoma ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.

"'Yar nan, wake ba a yi masa sauri. Ki jiƙa, ki shanya, ki soya har ya yi ja, ki ɓarza ki sheƙe."

Na ce, "To Iya, ke za ki koyar." Ita ce ma ta zaunar da mu tsince gyaɗar da ta yi fumfuna, tun ban buɗe baki kan gubar da ke cikinta ba.

Inda na sha wuya wajen maza ne. Waken suya a wurinsu kuɗi ne, da kaka sai a ɗure buhu a kai Tudun Hatsi a Gombe, ko tiya ba a bar wa gida. Na je ƙofar maigari bayan Juma'a na ce, "Ranka ya daɗe, tiya uku kawai nake roƙo daga kowace gona." Aka yi dariya, wani ya ce likita ta koma bara. Wasu dai sun bayar.

Yanzu ranar awo tukunya na kan murhu ƙarƙashin darbejiya. Kowace mace da gwangwaninta, a dama, a barbaɗa garin zogale. Yaron da ya shiga ja, ko ƙafafunsa suka kumbura saboda tamowa, har gobe magani da madarar leda ne nasa. Waɗanda ma'auni ya nuna ruwan ɗorawa, wato tamowar ba ta kai ja ba, su muke tarewa da ludayi.