Ranar da Fiya-fiya Ta Kayar da Karen Gonata

Kaska ce ta addabi karen da ke gadin gonar kajina a bayan Zariya, sai yaron da ke kula da wurin ya tsiyaya fiya-fiya a ruwa ya yi masa wanka. Kafin la'asar kare ya fara amai da zawo, yawu na dalala, naman jikinsa na ɓari. Isata ke da wuya ya yanke jiki ya faɗi, yana shure-shure.

Nan take jama'a suka rabu biyu. Wasu sun ɗauko sanduna, wai ya haukace, a kashe shi. Wasu kuma suka ce a ɗura masa manja da madara. Na dakatar da kowa, na kira likitan dabbobi. Da ya ji maganar wankan sai ya ce, "Alhaji, kada a sa hannu a bakinsa, kada a ɗura masa komai. Ka duba agogo." Farfaɗiyar da ta wuce minti 5 tana iya kashe kare, don haka lissafin lokaci ba wasa ba ne. Muka janye duk abin da zai buge shi, muka kore yara.

Batun manjan nan ya fi ba ni tsoro, domin masu ba da shawarar da zuciya ɗaya suke yi. Karen da ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, man sai ya zarce huhu. Kuma irin wannan guba tana narkewa a mai, wato taimaka mata ake yi ta ratsa jiki.

Da jijjigar ta lafa, na ɗaura leda a hannu na wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, saboda gubar ta fata take shiga, kuma ba ta ƙyale mai wankin ba. A asibiti likita ya buɗe idonsa ya nuna mini ɗan baƙin tsakiya ya tsuke kamar kan allura, alamar wannan guba ke nan. Ya yi masa allurar atirofin, maganin da ke rage ƙarfin irin wannan guba, ya ƙara da ta tsayar da farfaɗiya, aka sa masa ruwa. Kwalbar fiya-fiyar da na tafi da ita ta rage masa dogon bincike.

Ban ga laifin masu sanduna ba, ciwon haukar kare idan ya bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Abin da ya kwantar musu da hankali katin rigakafinsa ne na shekara-shekara, da kuma sanin abin da aka shafa masa. Da ya ciji wani, da sai a wanke wurin da sabulu na minti 15 a wuce asibiti, ko da kati ko babu.

Karen ya tashi, amma ya jima bai koma cin abinci sosai ba. Maganin kaska yanzu likita ne yake auna masa gwargwadon nauyinsa, fiya-fiya kuwa tana cikin sito a kulle, makullin yana hannuna.