Faransancin da na ɗauka da wasa

Shekara uku da suka wuce, da wani ya ce min Faransanci ne zai ɗaga ni a wurin aiki, da dariya zan yi masa. Na fara koyo ne don rage lokacin da nake ɓatawa ina latsa waya da daddare. Minti 30 kullum, wani lokacin ma barci ya kwashe ni littafi na kan ƙirji.

Kunne ne ya fi ba ni wahala. Su rubuta harafi a ƙarshen kalma su ƙi furta shi, sannan su sarƙe kalmomin har ka rasa inda ɗaya ta ƙare. Jinsin suna kuwa bai ba ni tsoro ba, tunda mu ma muna da shi, sai dai a wurinsu rana namiji ce, wata kuma mace. Har yau abin na ba ni dariya.

Bara na zauna jarrabawar DELF, wato ta samun shaidar iya Faransanci, a matakin B2, na sama da matsakaici: ji, karatu, rubutu da magana, kowanne maki 25. Ana neman 50 cikin 100. Da kyar na sha a ɓangaren ji.

Watan jiya baƙi masu jin Faransanci suka zo ofis, tafinta bai iso ba. Oga ya dube ni ya ce, “Malam, bismillah.” Murya na rawa na fara, aka kuma fahimci juna. Yau da safe aka miƙa min takardar cewa duk harkarsu ta dawo hannuna, har da tafiya taronsu na gaba. Alhamdulillah.